Tsanin Malama Zubaida

Duk Asabar da hantsi, in ka biya ta tashar Kazaure, za ka ga wata doguwar mata tana ɗaure faffaɗan katako a bayan babur, tana ja wa ɗan acaɓa kunne kada ya kankare mata fenti. Malama Zubaida ke nan, mai koyar da matan aure yaƙi da jahilci a wani ƙauye na Gwiwa. Bana za ta ajiye aiki, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Ajin nata ya taɓa kai wa gargara. Mata su zo da ɗoki, su ga baƙi da wasali, sai hamma, mako na zagayowa tabarma wayam. Ofis kuwa ya ce in babu ɗalibai a rufe. Ana cikin haka ta ga wata gasa a talabijin a gidan ƙanwarta: a yi wa mutum tambaya, in ya ci ya hau mataki, in ya faɗi ya sauko. Ta ce to, ƙauyen babu wuta, amma ai katako bai ƙare ba. Daudu kafinta ya zana mata tsani a jikin falanki, ta yanka kwali ta rubuta tambayoyi, kowace mace da murfin kwalbar da za ta riƙa turawa sama. Wadda ta ja kati ita ke karanta wa ta kusa da ita. Kan ka ce me aji ya cika, har da Inno, dattijuwar ruga, wadda in ta fito matan rugar ke biyo ta, in ta zauna kowa ya zauna.

Ranar da abin ya ɓaci, saura mataki ɗaya Inno ta kai ƙoli. Aka ja kati: wane Annabi ne kifi ya haɗiye? Inno ta sunkuyar da kai ta yi gum.

"Haba Inno, ai kin sani," in ji Malama.

Sai Mairo, maƙwabciyar Inno, ta raɗa mata, "Malama, sunan ɗanta na fari ne fa. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunan ba."

Inno ta kaɗe zanenta ta fita, matan ruga suka mara mata baya. Aji ya koma gidan jiya.

Da wata ce, da ta ce Allah ya kyauta ta naɗe tabarma. Malama ta ji kunya har cikin ranta, amma taurin kai gare ta, masha Allah. Washegari ta taka har rugar, ta durƙusa.

"Inno, wautata ce, ki yafe ni. Amma matakin nan naki ne, ba zan ba kowa ba. Na sake doka. Mai jin nauyin amsa ta rubuta a allo."

"Ni da ko alli ban iya riƙewa ba?"

"Abin da ya kawo ni ke nan, Inno."

Damina ta sauka, hanya ta caɓe, Malama ba ta fasa zuwa rugar tana koya mata ba. Bayan kaka Inno ta dawo aji da mutanenta. Aka sake karanta katin. Ta karɓi alli, ta rubuta Yunusa, ta ɗaga allon ta kau da kai.

Ke ce kika ƙi a rufe ajin nan, Malama. Ke ce kika ba dattijuwa haƙuri a gaban garke, ba ki raina al'adarta ba, ba ki kuma bar ta cikin duhu ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu koyarwa, in ɗaliba ta yi shiru, ku bi ta gida ku ji dalili.

Ran nan da ta rubuta sunan, Malama ta miƙa hannu za ta goge allon don ɗaliba ta gaba, Inno ta riƙe shi gam.

"Bar min shi, 'yar nan. Yau na fara kiransa."