Rilwanu Mai Kwance Gida

Duk wanda ya kira Rilwanu mai rusau, to ya shirya jin magana. Shi dai ya ce tun da aka haife shi bai taɓa rushe gida ba, kwancewa yake yi. Shekara talatin da biyu ke nan yana wannan sana'a. A Abakpa yake zaune da matarsa Zuwaira, a wani gida da kowace taga da launinta, don babu guda biyu da suka fito daga wuri ɗaya.

Idan mai hali ya sayi tsohon gida zai tayar da bene, Rilwanu ake kira ya fara shiga. Ya cire ƙyamaren ƙofofi, ya cire tagogi, ya sauke silin, sannan ya hau ya sauke kwano da katako. Ko ƙusa ba ya bari, sai ya miƙar da ita a kan dutse ya jefa a gwangwani. Kayan kuma su tafi wajen masu ƙaramin ƙarfi. A faɗarsa, rabin shagunan Kurmin Mashi da kayan tsofaffin gidajen Unguwar Sarki aka rufa su. Rilwanu kam akwai ƙarin gishiri, amma ba duka ne ƙarya ba.

Yana da ƙa'ida guda da ya gada wajen ubangidansa, kuma a kanta taurin kansa ya fi na jaki: ba a taɓa rufi sai an kwashe duk abin da ke ƙarƙashinsa. Dalilinsa shi ne, ƙyauren madaci da ya shekara sittin a inuwa, ruwa ɗaya in ya doke shi ya kumbura ke nan, ba zai ƙara zama daidai a bakin ƙofa ba.

Shekara uku da suka wuce wata budurwa mai suna Na'ima, 'yar wani ma'aikacin gwamnati, ta zo nemansa da littafi a hannu. Digiri na biyu take yi, tana bincike kan yadda za a rage asarar kaya a wuraren gini. Mako biyu ta yi tana zama a kan bulo, tana tambaya tana rubutawa. Ta ce masa abin da yake yi yana da suna a jami'a, wai tattalin arziki mai zagayawa, wato kaya ba ya mutuwa, daga wannan hannu sai wancan.

"Ashe ni ma ɗan boko ne ban sani ba," in ji shi, yana dariya har da riƙe ciki. Amma ya ji daɗi ƙwarai. Da ta kawo masa shafin da ta sa hotonsa, a ƙasan akwati ya ɓoye shi, Zuwaira na tsokanarsa da Farfesan ƙusa.

To bana, iskar farkon damina ta yaye rufin zauren Malam Nuhu a Kurmin Mashi. A nan Malam ke karantar da magidanta bayan La'asar, kuma a nan Rilwanu, da furfurarsa, ya fara haɗa baƙi. Aka tattara littattafai aka ɗura a buhuna. Ranar Lahadi ɗalibai suka taru a zauren da ba rufi, kowa na kallon sama yana jajantawa. Rilwanu ya gyara murya.

"Allah ya gafarta Malam, rufin nan a wuyana yake. Kafin Lahadi mai zuwa za a yi karatu a inuwa, in Allah ya yarda."

Ba cika baki ya yi ba. Da safiyar ranar Na'ima ta kira shi. Yanzu ta zama injiniya mai kula da aiki a wani kamfanin gine-gine, kuma akwai tsohon gida a Unguwar Sarki da za su sauke. Kwanonsa mai kauri ne irin na da, katakon kuwa ko gara ba ta san hanyarsa ba. Ya nemi kwana goma.

"Baba, shida na iya samo maka," ta ce. "Daga Litinin zuwa Asabar. Jadawalin aikin ba a hannuna yake ba."

Da ya shiga gidan da ma'aikatansa biyu, sai ya tarar da ƙyamare goma sha ɗaya, duk na madaci, irin waɗanda bai ƙara gani ba tun yana saurayi. Ya daɗe yana shafa su. Sannan ya fara aiki yadda ya saba, daga ciki.

Ranar Laraba Zuwaira ta ajiye masa abinci ta zauna kusa da shi. "Malam, tunda rufi ka yi wa mutane alkawari, me zai hana ka sauke shi tukuna? Sauran kayan ai ba gudu za su yi ba."

"Kin ga gabas kuwa? Kullum da hadari. In buɗe gida ruwa ya sauka a kan madaci?"

"To, ka fi ni sani," ta ce, ta kwashe kwanuka. Ita ce da gaskiya, kuma har yau bai iya faɗa mata haka ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka fitar da ƙyaure na ƙarshe, aka jingina su duka a rumfar maigadi. Saura rufi, ga yini ɗaya da rabi a hannu, ya ishe shi har da ragi. Ya kashe wayarsa, shi da mutanensa suka tafi masallaci.

Tun daga bakin layi ya ji ƙarar. Da ya shigo, katafila tana tsakiyar falo, babu gida. Ta gama aikinta da wuri a wani wurin ne, ɗan kwangilar da Na'ima ke aiki a ƙarƙashinsa kuma ya ce ba za a yi hayarta tana zaune ba, a wuce da ita Unguwar Sarki. Na'ima na tsaye da hular aikinta a hannu, idonta ya yi ja.

"Baba, sau bakwai na kira ka. Na roƙi ɗan kwangila ya ba mu ko awa uku, ya ce in ba zan iya aikin ba in faɗa masa. Ka yafe mini."

Rilwanu ya so ya yi faɗa, wallahi ya so, amma da wa? Direba umarni aka ba shi. Yarinyar nan ta rubuta littafi guda a kan aikinsa, ga shi ta kasa tsayar da ƙarfe na awa uku. Ɗan kwangila kuwa murya ce kawai a waya. Ya taka tarin ɓaraguzai yana ɗaga katako, duk wanda ya ɗaga a karye, kwanon ya dunƙule kamar takardar tsire. Ya yar da guntun katakon da ke hannunsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ba laifinki ba ne, 'yata." Kafin Magariba tifa ta kwashe komai.

Ranar Asabar ya tura ƙyamaren nan a amalanke har Kurmin Mashi. Malam Nuhu ya dube su, ya dubi Rilwanu. Rilwanu ya hau tsani. A kan katako biyu da iska ta bari, ya jera ƙyamaren a kwance daga bango zuwa bango. Ya buɗe gwangwaninsa, ya riƙa dasa ƙusa a fuskar madacin da ya hana ko ɗigon ruwa ya taɓa.

Lahadi bayan La'asar aka zauna karatu a inuwa, kamar yadda ya ce. Ana cikin yi ruwa ya sauko. Yana tsiyaya ta tsakanin ƙyamaren, mutane na gusawa da littattafansu suna sa masa albarka. Shi kuwa kunnensa na sama. Ya san abin da ke faruwa da katakon, ya san kuma damina biyu ba za su kai ba.

"Malam Rilwanu, ɗauki daga inda ka tsaya," in ji Malam Nuhu.

Ya sa yatsa a kan layin, amma idonsa ya koma sama wajen madacin da ruwa ke duka.