Goron da Nake Kai wa Mama Rifkatu

Da safen nan ina shanyar dawa a Ribah wayata ta yi ƙara. Hannatu ce, ɗiyar Mama Rifkatu. Ta ce, "Anti Saratu, Mama ta tafi."

Na ce ta tafi ina?

Mama Rifkatu ta rasu, jama'a. Matar da ta koya mini karatu ina da 'ya'ya huɗu. Wannan rubutun da kuke karantawa ma daga hannunta na samo shi.

Ajinmu na matan coci ne a Zuru, ƙarfe biyu na rana, bayan mun dawo daga gona. Kafin ta gama rubuta layi ɗaya a allo rabinmu na gyangyaɗi. Ba ta taɓa yi mana faɗa ba. Sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da goro, ta ɓare, ta sake raba kowane ɓari biyu. Kowa rabin ɓari. In kin miƙa hannu neman ƙari ta buge hannun.

"Ke, wannan ya isa ya buɗe miki ido. Sauran aikin naki ne."

Kuma yana buɗewa. Barcin ya gudu, baƙaƙen su tsaya wuri ɗaya. Amma ƙarfe huɗu na yi take ɗaure zanenta. Ta ce wanda ya ci goro da yamma ya kori barcinsa, gobe kuma kai ba zai riƙe komai ba.

Ni da taurin kai, ranar da zan fara karatu a gaban coci na ci goro uku, na ɗora kofi mai kauri ciki ba abinci, wai don kaina ya yi kaifi. Na miƙe hannuna na rawa, zuciyata na dukan ƙirji kamar ana daka. Layin da na sani sarai ya ɓace mini. Mama ta taso ta tsaya kusa da ni, ta sa yatsa a ƙarƙashin kalmomin har na kai ƙarshe.

A waje ta yi dariya har da hawaye. "Saratu, mi kika ci? Goro ido yake buɗewa, ba ya zuba ilimi a kai!"

Tun da muka koma Ribah ban taɓa zuwa gaishe ta hannu sake ba. Farin goro nake kai mata, manya, irin wanda take so.

To, a wayar nan ta safe Hannatu na kuka ta ce, "Ciwon zuciyar nan ne da hawan jini. Shekara biyu ke nan likita ya hana ta goro da shayi mai kauri, amma Allah bai yi ba."

Shekara biyu.

A shekara biyun nan sau nawa na kai mata goro? Sati uku da suka wuce ma na kai. Ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta ce, "Ɗiyata ba ta mantuwa." Ni kuwa ina ta jin daɗi.

Na hau mashin zuwa Zuru ban san ko na rufe ƙofa ba. Duk hanya abu ɗaya nake faɗa a raina: da hannuna na riƙa kai mata abin da ke cutar da ita.

Da na iso ban iya zama cikin masu gaisuwa ba. Na ja Hannatu gefe na ce, "Ki yafe mini. Ban sani ba. Ni ce nake kawo mata."

Ta dube ni, ta share hawaye, ta kama hannuna zuwa ɗakin Mama. Ta buɗe wani ɗan kwano. Goro biyu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na gane su.

"Anti, ko guda ba ta ci ba. Kin taɓa ganin ta tauna a gabanki?"

Sai na tuna. Kullum shinshinawa take yi ta ce sai ta ci tuwo tukuna.

Hannatu ta ce da Mama ta daina goro ta sha wuya, kwana da kwanaki kai na sara mata, ga kasala, ga saurin fushi, amma ta daure har ya wuce. Goron da nake kai mata kuwa, aji take kai shi. Ta rarraba wa sabbin mata ta ce, "Wannan goron Saratu ne. Nan ta zauna tana gyangyaɗi kamar ku, yau ita ke karanta wa mijinta takarda."

Na ce to me ya hana ta gaya mini?

"Na tambaye ta. Ta ce, 'In na hana ta kawo goro, kunya za ta hana ta zuwa. Ni kuma ita nake son gani.'"

A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun safe.

Duk da haka ina roƙonku, in za ku gaida tsoho, ku tambayi na gida abin da likita ya hana shi. Ba kowa ne zai iya daurewa kamar Mama ba.

Hannatu ta ba ni goron nan biyu. Ranar Alhamis akwai aji, kuma ba a sami mai koyarwa ba tukuna. Ban yi zurfi a karatu ba, amma na iya abin da ta koya mini. Zan je. Kowa rabin ɓari.

Mama, ki huta. Ubangiji Ya karɓe ki, Ya ba ki hutawar da ba ciwo a cikinta, Ya ta'azantar da Hannatu da ƙannenta. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi mata addu'a, ya sa ni ma a ciki, kada hannuna ya yi rawa ranar Alhamis.