Bindigar Soja da Igiyar Guga

Wata Laraba ce, jim kaɗan bayan Babbar Salla, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya turo kekensa cikin gida da wani dogon abu naɗe cikin tabarma. Ina bakin turmi ina taya Inna surfe. Ya kwance tabarmar a gindin dalbejiya, sai ga bindiga irin ta sojojin da, tsatsa ta yi mata ja, gara ta cinye katakon gindinta har ana iya zura yatsa. Inna ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, wannan kuma gawar mece ce ka kwaso mana?"

Baba kafinta ne, amma gonarmu ta bakin daji ita ke ciyar da mu, kuma a daminar da ta gabata gadu sun tone mana dankali da rogo, har sai da muka shiga awo tun kafin shuka. Mu yara mun yi ta kaɗa gwangwani muna ihu, ko a jikinsu. Shi ya sa ya tafi wurin yayansa, tsohon soja, wanda ya sayi bindigar a gwanjo tun da daɗewa ya jingine ta a rumbu. Tare suka je wurin hukuma aka mai da lasin da sunan Baba.

Ba shi da ɗa namiji a lokacin, sai mu mata, ni kuwa mai sunan mahaifiyarsa ce, don haka komai tare muke yi. Da na dawo makaranta na ɗebo ruwa na ba awaki dusa, sai in bar ƙawayena suna 'yar gala-gala in tsuguna kusa da shi. Ya kwance bindigar gaɓa-gaɓa ya jiƙa ƙarafan a kwanon kananzir, ni kuma ina goge su da toka da tsumma, musamman lungunan da yatsunsa ba sa shiga. Sabon gindi ya sassaƙa mata da icen maɗaci, yana aunawa a kafaɗarsa, yana ragewa, yana sake aunawa, sannan ya shafe shi da man kaɗe har ya yi duhu yana sheƙi. Idan na ƙosa sai ya ce, "Uwata, bi ta a hankali, ta girme ni."

Inna dai ba ta saki rai ba. Ƙaninta ya rasa yatsu biyu ranar da bindigar adaka ta fashe masa, kuma ita ta yi jinyarsa. Da aiki ya kammala ta tsaya a bakin zaure ta ce wallahi wannan ƙarfe ba zai kusanci fuskar mijinta ba sai ta ga an gwada shi da idonta. Baba bai yi musu ba. Da hantsi muka ɗunguma gona, ya ɗaure bindigar tam a jikin wata ɗorawa, bakinta na kallon suri, ya ƙulla igiyar guganmu a kunamar bindigar, muka laɓe cikin kwari. Zai ja ke nan Inna ta karɓe igiyar. "Ni na kawo maganar," in ji ta. Ta yi bisimilla, ta runtse ido, ta fizga. Ƙarar ta tashi tsuntsayen dajin kaf, surin ya yi ƙura. Baba ya je ya jujjuya ta, ko tsagewa babu. Ya waiwayo ya tarar da Inna zaune daɓas a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba.

Fitarsa farauta ta farko kuskure ya yi, gadun ya ɗaga wutsiya ya tsere, aka yi kwanaki ana tsokanarsa a masallaci. Daga baya ya samu babbansu, ya aika wa maƙwabtanmu na ƙauyen bayan dutse masu cin namansa, suka rama mana da zuma. A shekarar har kyautar dankali muka yi, wani lokaci kuma ya shigo da gada mu kwana biyu muna lasar baki.

Yanzu a Dagenham nake, a Ingila, ina aikin jinya. Dila ne ke yaga mana jakar shara, abin da nake iya yi kawai in kai wa council, wato ƙaramar hukuma, ƙorafi. Da na ba ɗana wannan labari, ya saurara tsaf da Hausa, sannan ya tambaye ni da Turanci ko kakarsa ba ta ji tsoro ba. Na kira ta a waya na miƙa masa. Ta ce, "Tsoro kai! Har yau ƙafata ba ta daina rawa ba." Baba ya rasu, bindigar an mai da wa hukuma, gonar an yanka ta filaye. Amma na tashi a gidan da ba a yar da abu don ya tsufa, kuma na gode wa Allah da hakan.