Kawu Mani da Daddawar Aljihunsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa sahu ɗaya da Kawu Mani a masallacin Darini ya san abin da zan fara faɗa. Daddawa! Kafin ka ga mutumin, hancinka ya riga ya gaishe shi. Kullum akwai dunƙulenta a aljihun gaban rigarsa, naɗe cikin ganye. Yana cikin magana da kai sai ya zaro, ya kai hanci, ya ja numfashi har idonsa ya kawo ruwa, ya mayar, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Liman ya taɓa jan shi gefe bayan Azahar. "Malam Mani, don Allah ka riƙa barinta a bakin ƙofa tare da takalmi."

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, in na bar ta waje, wanda zai shigo maka ba ni ba ne. Tsohon Mani ne, kuma shi ko alwala bai iya ba."

Daga ranar Liman bai sake tayar da zancen ba, sai dai ya sa aka ƙara taga a gefen da Kawu ke tsayawa.

Yaran yanzu sun ɗauka haka aka haife shi. A'a. Kawu, wan mahaifiyata ne, da can mai faci ne a tashar Batsari, kuma babu hannu irin nasa. Sholishon da yake liƙa faci da shi ne ya kama shi. Tun yana shafawa a taya har ya koma shafawa a tsumma yana shaƙa, ya rame, ya daina gane la'asar da magariba. Abin da ya tsayar da shi, wata rana ya shigo gida ya tarar da 'yarsa Hassu, tana 'yar tatata, ta ɗauki tsumma ta danna a hanci tana lumshe ido, wai tana kwaikwayon Baba. Washegari ya rabar da kayan faci kaf, ya dawo Darini ya kama fartanya.

Sai dai hanci bai san an tuba ba. In sha'awar ta taso masa har rawa jikinsa ke yi. Ya gwada goro, ya gwada citta, ya gwada turare, duk a banza. Ran nan yana zaune kusa da inda matarsa Inna Rabi ke shanya daddawa, abin ya taso, ya damƙi ɗaya ya danna a hanci. Ya ɗago yana tari ya ce, "Rabi, na samu wanda ya fi shi ƙarfi!"

Inna Rabi takan ce tun daga lokacin ba ta ƙara sayen kayan miya ba, ruwan wankin rigar Malam ya isa.

To, ku tuna kekensa! Wannan keken da ake jin tahowarsa tun daga bayan gari, kwararam, kwararam. Tayar ta fashe tun shekarar da ya dawo, ya rantse ba zai kai ta wurin mai faci ba. Sai ya cire tiyub ya jefar, ya cusa busasshiyar ciyawa da harawa ya danne. Ranar kasuwar Batsari ya jingine shi a gindin bedi ya shiga sayen gishiri. Kafin ya fito awaki sun gano wata ɓaraka a tayar baya, sun zare abin da ke ciki tas.

Na ce, "Kawu, yau kuma da ƙafa za a koma?"

Ya dubi awakin suna tuƙa, ya ce, "Bar su, Sale. Wa ka taɓa ji an ci tayarshi an ƙoshi in ba ni ba?"

A kasuwar ma ba ya bi ta tasha, don nan masu faci ke zama. Sai ya zagaya ta bayan kara, ya ratsa kashin shanu, ya ɓullo ta wajen 'yan tukwane, tafiyar da ta ninka ta kowa. Takalminsa in ya ɓalle, da waya yake ɗaure shi, don mai gyaran takalmi ma da gam yake aiki. Wani tsohon abokin sana'arsa, Na-Allah, ya tare shi rannan yana dariya.

"Haba Mani! Gemunka ya yi fari, Hassu ta yi aure har da 'ya'ya. Ai ka warke. Zo ka zauna mu gaisa kamar mutane."

Kawu ya tsaya daga nesa, daddawa a hanci. "Wa ya ce maka na warke? Ni gudu nike, Na-Allah. Abin nan shina nan inda na bar shi, bai tsufa ba, ni kaɗai na tsufa. Gaisuwa kuwa, ga ta nan daga nan: ina gajiya?"

Haka suka gaisa da ihu, har da tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, kasuwa na ta dariya. Wannan magana tasa, "gudu nike," ta zama abin tsokanarmu. Yara in sun hango shi sai su ce, "Kawu, an tsaya?" Shi kuma ya ɗaga sanda, "Ina! Ana kai."

Sau ɗaya na ga an rutsa shi babu hanyar gudu, kuma ni ne sanadi.

Da damina ne, lokacin hanyoyinmu na lafiya, mutum na fita ba ya waige. Matata Hajara naƙuda ta yi mata tsanani, ungozoma ta ce a kai ta asibitin Batsari. Na ɗora ta a babur, Inna Rabi ta hau baya tana riƙe da ita. Mun yi nisa tsakanin gonaki, rana tsaka, tayar baya ta yi tsit. Ƙaya. Akwai gwangwanin sholisho da faci da famfo a ƙarƙashin sirdi, amma ni ban taɓa liƙa ko ɗaya da hannuna ba. Na fito da tiyub ina ta jujjuya shi, Hajara na durƙushe a gindin kalgo tana kiran sunan Allah.

Sai muka ji kwararam, kwararam. Kawu ne ya biyo bayanmu.

Ya sauka, ya dubi taya, ya dubi gwangwanin da ke hannuna, ya ja da baya. "A cusa ciyawa."

Inna Rabi ta ce, "Malam, da wannan girgizar a kan hanya za ta haihu, kuma kwanciyar ɗan ba daidai take ba."

Wallahi ban taɓa ganin tsoro a fuskar babba irin na ranar ba. Sannan ya ɓare daddawarsa biyu, ya toshe hancin dama, ya toshe na hagu, ya ce da wata murya ta agwagwa, "Miƙo."

Ko a wannan hali sai da Inna Rabi ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ya hura tiyub, ya nemo hujin da miyau, ya kankare wurin da dutse. Ya karɓi gwangwani ya buɗe. Ya lakato sholisho da yatsa ya shafa. To shi faci ba a liƙa shi nan take, sai an jira ya sha iska. Wannan jiran ne ya kusa kayar da shi. Yana tsugune, gumi na ɗiga daga gemunsa, sai na ga yatsan nan mai sholisho yana tashi a hankali, yana nufar fuskarsa, shi kuma idonsa a rufe.

Hajara ta ɗaga murya daga gindin kalgo, "Kawu!"

Ya buɗe ido. Ya dubi yatsan, ya soka shi cikin ƙasa, ya yi ta dirza har fata ta saɓule. Ya liƙa faci, ya mayar da taya, ya buga iska, ya ce, "Ku tahi. Gwangwanin ma ku tahi da shi, kada ku bar mani ko murfin."

Mun isa a kan lokaci. Namiji aka samu, muka sa masa Usman, sunan Kawu. Shi kuwa bai zo barka ba sai ranar suna, don tun da ya koma gida yake zaune gindin tukunyar da Inna Rabi ke dafa kalwar daddawa, ya ce ba ya ko leƙa ƙofa sai abin ya sake shi. Da aka miƙa masa jaririn, ya duba shi da kyau ya ce, "Suna na ba ka, takwara. Hancin kuwa nemi na uwarka."

Bara da kaka ya rasu, bayan 'yar rashin lafiya. Ni na cire masa riga za a yi masa wanka. Na ji abu a aljihun gaba, na zaro. Daddawa ce, sabuwa, ganyen ko bushewa bai yi ba. Inna Rabi ta ce da safiyar ranar ya sa ta canza masa, yana kwance ko tashi ba ya iyawa. Ta ce masa, "Malam, yanzu kuma me ya rage?" Ya ce, "Ba a kai ba tukuna."

Na tsaya riƙe da ita ina kuka, ni da na fi kowa toshe hanci in ya matso.

Yanzu an kai, Kawu. Allah Ya karɓi gudun nan naka, Ya yafe abin da ya gabace shi, Ya hutar da kai. Allah Ya shaƙa maka ƙamshin Aljanna, inda za ka ja numfashi son ranka ba ka tsoron komai. Amin.