Mutum Bakwai Suka Aiki Malam Haliru

Duk wanda ya tashi a Tungar Mode, can cikin gundumar Kwargaba, a hannun Malam Haliru ya koyi alwala. Shekara talatin da huɗu yana limancin garin. A Wurno ya yi karatu wajen kawunsa, ya dawo da akwatin littattafai da taurin kai, kuma har ya tsufa bai rabu da ko ɗaya ba. Abin da ya mallaka gonar albasa ce a fadama da wani tsohon jaki. In ya ga mutum yana alwala a gurguje, sai ya riƙe butar ya ce, "Sake! Ina za ka da irin wanga sauri?"

Shekarar da 'yan bindigar daji suka hana kowa shiga fadama, irin albasa ya isa dashe, yana ƙonewa a banza. Ran nan bayan la'asar dattawa bakwai suka yi sallama a zaurensa. Jagoransu Alhaji Maccido ne, dillalin albasa a kasuwar Goronyo, aminin Malam tun suna allo ɗaya.

"Malam, kai ɗai suka jin nauyi," in ji Maccido. "Tahi ka roƙe su su bar mu mu yi noma. Gari ne ya aike ka."

Raihana, 'yar Malam da ke koyarwa a firamare a Rabah, ta zo gida hutu, tana jin su daga ciki. Ta aika a kira shi, ta ce, "Baba, a rubuta takarda, kowa shi sa hannu."

Kai, ran Malam ya ɓaci! "Takarda tsakanina da Maccido? Ashsha, Raihana." A garin nan da Fatiha ake ɗaura aure, da ita ake sayar da gona, kuma ba a taɓa jin wanda ya shafa ya dawo ya musa ba. Ya koma zaure, mutum takwas suka ɗaga hannu suka shafa.

Sau uku ya shiga daji a bayan babur. Aka buɗe fadama. Albasar da aka yi a ranin nan, motoci ne suka yi ta jigila zuwa Goronyo, yawancinsu da kayan Maccido.

Bayan wata biyar jami'an tsaro suka kama wani ɗan bindiga, suka sami hoton Malam a wayarsa, zaune kan tabarma tare da shugabansu. Daga ƙofar masallaci aka ɗauke shi. Tuhumar ita ce taimaka wa ta'addanci, kuma in ta tabbata, a kurkuku zai ƙare kwanansa.

Lauya ya ce abu ɗaya ake bukata: mutum guda cikin bakwai ya tsaya gaban alƙali ya ce gari ne ya aike shi. Raihana ta bi su gida-gida. Wannan an ce ya ƙetara Nijar, wancan ciwon ƙafa ya tashi. Wani kuwa matarsa ta ce ba ya nan, ga takalminsa a ƙofar ɗaki. Tsoro suke ji kada a haɗa da su, gaskiya ne. Amma tsoron nan ina yake ranar da suke loda buhuna?

Ta kai wa Malam labari a gidan yari, ya girgiza kai. "Bar waɗancan. Maccido shina zuwa."

Ya kuwa zo. Ranar zaman kotu a Sakkwato, bayan wata goma sha huɗu, sai ga shi cikin babbar riga. Malam har ya fara murmushi, sannan ya lura masu gabatar da ƙara ne suka kira Maccido. Ma'aikacin kotu ya miƙa masa Alƙur'ani ya rantse. Maccido ya mayar da hannuwansa baya.

"Ban da alwala," ya ce.

Nan take Malam ya gane abin da ke tafe. Ya miƙe. "Ranka shi daɗe, a ba shi buta. Wata goma sha huɗu ina jira, mi za shi hana in jira alwala?"

Alƙali ya ce ya zauna, doka ta yarda shaida ya yi alkawarin faɗin gaskiya ba tare da Littafi ba. Maccido ya yi alkawarin. Aka tambaye shi ko gari ne ya aiki liman zuwa daji. Ya kafa wa bango ido ya ce su dai labari suka ji, ba su san wanda ya aike shi ba.

Aka ɗage shari'a. Ana fita da Malam, Raihana ta bi shi har bakin mota, tana jira ya tsine wa mutumin. Bai tsine ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Kin gani, bai taɓa Alƙur'ani ba," ya ce. "Ya san ba a ɗaukar shi a yi ƙarya. Ni na koya mishi."

Aka tura shi ciki, aka ja ƙofa.