Likkafanin da Ya Je Idi

Babanmu tela ne a Fagge, mutumin Barno, ga faɗa ga iya ɗinkin aljihu. Ana 'yan shekaru kafin Turawa su tafi ciwo ya kama shi: ido jawur, kai na sarawa, in ya yi wanka kuma ƙaiƙayi ya hana shi sakat. Likitan farko ya ce dajin jini ne. Kafin mu iso gida maganar ta riga mu.

Azumi ake, lokacin da tela ba ya ɗaga kai. Sai waɗanda suka kawo ɗinkin sallah suka dinga zuwa dubiya, kowa in zai tafi ya ce, "Malam, bari in rage maka aiki," ya naɗe yadinsa. Wa zai bar kayansa hannun wanda ba zai ga sallah ba? Keken ɗinkin nan kuwa shi ne cinmu, shi ne shanmu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙanensa ya taso daga Barno zai tafi da shi, wai gara ya cika cikin dangi. Mutum ne mai tanadi, har da farin yadi a jaka, ko ta Allah za ta kasance a hanya.

Inna ta ce ba inda za a je. Ta sa aka kai Baba wurin wani likita a Sabon Gari, wanda ya ce jinin ne ya yi yawa, ya yi kauri.

Baba ya ce, "Likita, daji ne ko ba daji ba?"

"Malam, mu kanmu bakinmu bai zo ɗaya ba. Wasu na sa shi cikin dangin daji, wasu sun ƙi. Amma ba mai gaggawa ba ne. Ka riƙa zuwa ana rage jinin."

"To ku ji da gardamarku, ni aiki gare ni."

Ya ajiye azumi aka ɗebi jinin, kai ya lafa. Ya koma shago, ba ko ƙyalle. Sai ya zaro farin yadin nan daga jakar ƙanensa, a gaban idonsa ya sa almakashi. Ya ɗinka riga, ya zuba mata aiki a wuya.

Ita ya sa ranar idi. Ni da ƙannena muna biye, farin ciki kamar ya kashe ni. Ɗaya daga cikin masu rage masa aiki, rigarsa hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya shafa wuyan rigar Baba ya ce, "Wa ya yi maka wannan?"

Baba ya ce, "Wani mamaci ne a Fagge. Yana karɓar ɗinki."

Yaduka suka dawo. Rigar nan ta tsufa, ta yage, ta koma tsumman goge keke, kuma da shi Baba ya goge keken ranar da ya ɗinka wa ɗana na fari rigar suna.