Murhun da Ya Ƙi Wuce Zaure

Tanderuna ya fashe washegarin da ƙanwata ta haihu. Ni kuwa na riga na buɗe baki a gaban matan gidanmu na ce gurasar suna a wuyana take. An san gidanmu da gurasa a Ƙofar Galadima tun daga kakarmu da aka auro daga Kano, saboda haka in na je taron nan hannu rabbana, Inna ce za ta sha kunya, ba ni kaɗai ba.

A lokacin nan matar aure a cikin birni ba ta zuwa kasuwa. Dole maigida ne zai zaɓo mini sabo, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa leƙa madafa ba. Akawu ne a ofishin En'e, ya iya Turanci, ya iya ɗaura agogo, amma in ka tambaye shi inda tuwo yake fitowa sai ya nuna maka akushi. Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Tanderu kamar randa yake, na yumɓu, ana hura wuta a ciki a manna ƙullu a jikinsa.

Na ce, "Malam, kada ka duba kyau. Ka ƙwanƙwasa. Wanda ya fi ƙara shi ne lafiyayye, mai tsaga ba ya amsawa."

Ya ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne."

Allah ya sani ya bi maganata. Daga baya na ji cewa ya bi rumfunan masu tukwane yana ƙwanƙwasa kayan mutane har wata tsohuwa ta kore shi. Sai wani abokin aikinsa ya ja shi Sabon Gari wajen gwanjon kayan wani Bature da zai koma ƙasarsu. A can ya tarar da baƙin murhun ƙarfe mai ƙafa huɗu, da ƙofa, da bututun hayaƙi. Ya ƙwanƙwasa, abin ya amsa kamar ƙararrawa. Shi ke nan, ya ga duk Zazzau babu wanda ya kai shi lafiya.

Da la'asar na ji hayaniya a waje da nishin 'yan dako. Sun shigo da shi zaure da kyar, daga nan kuma magana ta ƙare. Ƙofar da ke shiga cikin gida ƙarama ce, ga ta da kwana, don kada na waje ya hango na ciki. Mutum ma sai ya sunkuya. Suka juya shi ta gefe, suka kwantar da shi, suka cire bututun, murhu ya ce sam.

Zauren nan kuwa na surukina ne, Baba Malam, wanda magidanta ke ɗaukar karatu a wurinsa tun hantsi. Aka ce a fasa bango, ya ce kakansa ne ya gina, sai dai a fasa bayan ransa. Aka ce a ɗaga ta kan katanga, ya ce ƙarti za su ga matan gida. Wani mai hikima cikin ɗalibai ya kawo shawarar a ɗaure wa 'yan dakon idanu da rawani. Har an fara warware rawunna, sai babban 'yan dakon ya tambaya wa zai biya diyya in ƙarfen ya faɗo masa a ka. Kowa ya mayar da rawaninsa.

Ina bayan bango ina jin komai, raina kamar ya fita don haushi. Na aika a ce wa Baba, tunda murhu ya ƙi zuwa wurina, a rufe ƙofar waje in fito wurinsa. Ya ce mace ba ta taɓa hura wuta a zauren nan ba, kuma ba za a fara a kansa ba. Na ce to a mayar da ƙarfen a sayo na yumɓu. Maigida ya ce Bature ya riga ya hau jirgin ƙasa, kuma rabin ofis sun ga ya saya, in aka gan shi gobe ɗauke da tukunya ya shiga uku.

Na yi kuka sosai ranar jajiberen suna, kukan haushi, ga ƙullu ya tashi a ƙwarya yana jirana. Ashe Baba yana ji. Ya yi gyaran murya ya ce ya duba, bai ga inda aka hana namiji hura wuta a zaure ba. Ya sallami ɗalibai, ya sa sakata da hannunsa.

Haka aka yi. Ni ina tsaye a kwanar nan ina miƙa curin ƙullu, maigida ya tuɓe babbar riga yana karɓa.

Na ce, "Malam, ka faɗaɗa shi da tafin hannu, ka manna a jiki."

Na ji tas, na ji tim. Ya ce, "Ya faɗo."

"To ka shafa masa ruwa."

"Ya kuma faɗowa. Ke, wannan bangon ba ya riƙo."

Sai muryar Baba ta fito daga cikin hayaƙi, yana tari: "Kai, ba ka ga faranti a cikinsa ba? Bature zai manna abinci a bango ne?" Na leƙa kaɗan, abin da ban taɓa yi ba. Ga surukina, malamin da unguwa ke durƙusa wa, a tsugune yana fifita wuta da maficinsa, hawaye na zuba cikin gemu. Na ja da baya na toshe baki da zane don kada dariya ta fito. Na farko sun ƙone, na biyu ɗanye, daga nan hannunsu ya faɗa. Kafin magariba an cika faifai an cika kwando, kuma aka yi alkawari maganar ba za ta fita zaure ba.

Ranar suna mata suka yi ta santi. Wata ta ce ta ji labarin ina da murhun Turawa, na ce ƙwarai, ban dai ce mata ban taɓa sa masa hannu ba. Can sai Inna ta ɗauki guda. Ta juya ta, ta ɗauki wata ta duba, ta ɗauki ta uku. Sannan ta gutsura ta ci, ta ce wa mata 'yarta ta fitar da ita kunya.

Da za mu rabu ta rako ni har bakin ƙofa, ta riƙe mini hannu, ta yi ƙasa da murya.

"Ki gaida mijinki, ki ce Allah ya yi masa albarka. Amma in zai kuma, ya riƙa cire zobensa, duk shatinsa ya fito a jikin gurasar."